Ranar ƙarewa ko dokar riƙewa: wanne ya fi dacewa da kaset ɗin babbar kwamfuta?

A manyan kwamfutocin IBM masu amfani da tsarin aiki na z/OS, DFSMSrmm na ɗaya daga cikin manhajojin da ke yanke lokacin da kaset ɗin adana bayanai zai koma cikin waɗanda za a sake rubutu a kansu. Hanya biyu take bi.

Ta farko, VRSEL, ita ce tsohuwar. Mai kula da ma'ajiya yana rubuta dokoki: a riƙe kwafi bakwai na ƙarshe, ko a riƙe fayil muddin yana cikin kundin rajista, ko a kai kaset wani ɗakin ajiya na nesa. Duk lokacin da EDGHSKP, shirin da ke bitar ma'ajiyar kaset, ya gudanar da tantancewar VRSEL, sai a auna fayiloli da dokokin. Alherinta shi ne in ka gyara doka yau, gyaran zai shafi har tsofaffin kaset. Nauyinta kuma, ma'ajiya mai tarin fayiloli tana cin lokaci wajen wannan tantancewa, kuma doka ɗaya da aka rubuta ba daidai ba tana iya sakin bayanan da ake bukata. Wannan ne ya fi damuna.

Ta biyu, EXPDT, ta shigo da z/OS 1.13 a 2011. Tun lokacin rubutu ake sanya ranar ƙarewa, shi ke nan; sanya 99365 a gurbin ranar na nufin kada wa'adin kaset ya ƙare har abada. Ba ta da wahala, sai dai sauya ra'ayi daga baya yana nufin gyara ranakun da aka riga aka sanya.

Ni dai kaset ɗin da wata manhaja ke kula da wa'adinsu, kamar na DFSMShsm mai kwafe bayanai da kai tsofaffi ajiya, EXPDT nake ba su. Bayanan banki masu zagayowa kowane wata kuwa, VRSEL.