Taswirar faɗa a wasan D&D: wacce za ka saya a Sakkwato?

Duk wanda ya taɓa jagorantar Dungeons & Dragons, wasan kan tebur da 'yan wasa ke zama jarumai a cikin labari suna jefa dais (lido mai lambobi), ya san gardama a wurin faɗa take tashi. Da an zare takobi sai wannan ya ce yana bayan ginshiƙi, wancan ya rantse kusa da dodo ya gan shi. Wasan, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, daga wasannin yaƙi na kan tebur ya samo tushe, shi ya sa dokokinsa ke auna tazara. A bugu na biyar na dokokin, gida ɗaya a kan taswira ƙafa 5 ne, yawancin jarumai na tafiyar ƙafa 30, wato gida 6, kowane zagaye kuma daƙiƙa 6 ne. In babu abin da kowa zai kalla da idonsa, lissafin nan ba zai tsaya ba.

Ni dai zaɓina farin kwali ne. Ka saye shi a shagon kayan makaranta, ka ja layuka da rula, kowane gida inci ɗaya, ka kai inda ake laminatin a rufe maka shi. Amma kafin a rufe, ka rubuta haruffa a sama, lambobi a gefe. Ranar da abokin wasa ya maƙale a jami'ar Ɗanfodiyo, kai kana Mabera, sai ka ɗauki hoton taswirar ka tura ta WhatsApp, ya amsa da "na matsa daga C4 zuwa C9, na kai sara". Gardama ta ƙare. Murafun lemo su ne jarumai, 'ya'yan dabino su ne abokan gaba, kuma duk wanda ya iya dara zai gane tsarin nan take. Kwali ba ya neman caji ko data, ba ruwansa da ɗauke wuta, ƙurar hunturu kuma tsumma ɗaya ke share ta.

Sauran fa? Akwai manhajojin taswira na kwamfuta da intanet: Roll20 yana da tsarin kyauta, amma a waya wahala ce zalla. Foundry sai ka biya da dala kuma ka mallaki kwamfuta mai ƙarfi. Owlbear Rodeo ya fi su sauƙi, shi kaɗai zan iya lamunta in sabis na da kyau. Faɗa da baki ba taswira yana yi in abokan gaba biyu ne, da sun kai shida an rikice. Shimfiɗar taswira ta kamfanin Chessex tana da inganci, sai dai kuɗin kawo ta daga waje zai ishe ka kwali na shekaru.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne wajen sayen maka (alƙalamin zane) da dais. An taɓa sayar mini da makar da ba ta gogewa a matsayin ta farin allo, ta ɓata mini taswira ana tsakiyar wasa. Ka gwada ta a kan leda tun a gaban mai shago. In ta riga ta kama laminatin, sifirit na cire ta. Shimfiɗar roba irin ta Chessex kuwa makar da ake gogewa da ruwa kawai take so, ta farin allo tabo take bar mata.

Dais mai fuska 20 ka duba shi gefe da gefe: a ƙa'ida lambobin da ke bayan juna 21 suke bayarwa in an haɗa. Ka jefa shi cikin ruwan da ka cika da gishiri sosai, ka riƙa juya shi da yatsa. In kullum lamba ɗaya ke tasowa, cikinsa ba daidai yake ba. Cikakken saiti guda 7 ne, ka ƙirga kafin ka biya.

Sai masu talla a Instagram da hotunan da suka kwaso daga shagunan waje, suna cewa ka tura kuɗi kaya na hanya. Ka nemi bidiyon kayan a hannunsu tare da takarda mai sunanka. Wasu ma fayil ɗin dokokin farko suke sayarwa, alhali kamfanin Wizards of the Coast kyauta ya sa su a intanet, kada ka ba kowa ko sisi a kansu.