Littafin dokokin ƙwallo na yara: zanen ya yi, amma a duba shekarar bugu

Littafi ne siriri mai hotuna, da Turanci mai sauƙi, irin wanda ake tsinta a tulin littattafan gwanjo. Na saya wa ɗana ɗan aji biyar na firamare, don musun da suke tafkawa da yaran layinmu ya fi ƙwallon da suke bugawa yawa. An bi dokoki 17 na wasan ɗaya bayan ɗaya, daga girman fili har bugun kusurwa, kowace da zanenta.

Babin satar gida kaɗai ya biya kuɗin littafin. An zana filin daga sama, 'yan wasa ɗigo ja da shuɗi, sai layi ya ratsa ta kan ɗan bayan da ya rage kafin gola. Da haka yaro yake gane cewa lokacin da abokin wasansa ya saki ƙwallo ake dubawa, ba lokacin da ta iso ƙafarsa ba. In kana daidai da ɗan bayan nan, ba ka yi laifi ba. In kana rabin filinku, babu satar gida. Tsayawa a wurin ma ba laifi ba ne sai ka sa kanka cikin wasan. Yaron ya tara murafen kwalba ya jera a tsakar gida yana gwada wa ƙanensa, can ya ɗago ya ce, "Baba, ashe ba a satar gida a jifa?" Ba a yi, haka ma a bugun kusurwa da bugun gola. Na san magidanta a gidan kallo da har gobe suke zagin alƙalin wasa a kan wannan.

Akwai ɗan tarihi a gefen shafuka, gajere mai daɗi: a Landan aka rubuta dokokin a 1863, katin gargaɗi da jan kati kuma sun fara aiki a gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko, dabarar Ken Aston, alƙalin wasa ɗan Ingila, wanda ya samo ta daga fitilun ba da hannu na titi.

Matsalar ita ce littafin ya tsufa, dokoki kuwa ba sa zama wuri ɗaya. Ya ce dole a buga ƙwallo gaba wajen take wasa, alhali tun 2016 ana iya bugawa ko'ina. Ya ce bugun gola sai ƙwallo ta fita daga da'irar yadi 18 kafin wani ya taɓa, an soke wannan a 2019. Canjin 'yan wasa uku ya ambata, yanzu biyar ne a manyan gasanni. Babu ko kalma a kan VAR, na'urar bidiyo mai taimaka wa alƙalin wasa. Daƙiƙa shida da ya ba gola ya riƙe ƙwallo sun koma takwas tun 2025, in ya wuce a ba abokan hamayya kwana, wato bugun kusurwa. Sai da na sauke manhajar hukumar IFAB, mai tsara dokokin, kyauta ce, na bi shafukan da fensir ina gyarawa.

Babin taɓa ƙwallo da hannu sama-sama aka yi shi.

Sannan duk hotunan ciyawa ce shar da raga da alƙali mai usur. Yaranmu duwatsu biyu ne ragarsu, bugun kwana uku fenariti ce, mai ƙwallo kuma ba a cire shi. Da an ware shafi ɗaya kan yadda za a yi wasa ba alƙali, da ya fi amfanar su. Turancin ma sai da na riƙa fassara wa ƙaramin.

Zan ba mai yaro ɗan shekara 8 zuwa 12 shawara ya sayi irinsa, amma ya buɗe shafin farko ya ga shekarar da aka buga shi. In ta gaza 2025, ya tanadi fensir.