Ɓera ko ƙwayoyin zuciya na ɗakin gwaji: wanne ya fi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙwayoyin tsokar zuciyar da ake reno a ɗakin gwaji, a gyara musu ƙwayar gado, sun fi ɓera amfani wajen binciken ciwon zuciya. Ni a ganina, sai ka faɗi wane ciwon kake nufi.

Zuciyar ɓera tana bugawa kusan sau 600 a minti ɗaya, ta mutum kuwa tsakanin 60 da 100. Zuciyar da ke wannan gudun tsarin lantarkinta daban ne. Akwai wata mashigar sinadarin potasiyam a jikin ƙwayoyin zuciya mai suna hERG, wadda lalacewarta ke jawo wani nau'in ciwon Long QT, mai rikita bugun zuciya har mutum ya yanke jiki ya faɗi. A ɓeran da ya girma wannan mashiga ba ta da tasiri sosai. To me za ka gano daga jikinsa?

A nan ƙwayoyin suka yi zarra. A 2007 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto ya mayar da ƙwayoyin fatar mutum ƙwayoyin asali, waɗanda ake iya juyawa su zama tsokar zuciya, har ka gan su suna bugawa cikin faranti. A 2010 masu bincike a Munich ta Jamus suka gwada hanyar da ƙwayoyin wasu iyali masu Long QT. Sai dai ko 'yan ɗaki ɗaya ƙwayar gadonsu ta bambanta a wurare barkatai, laifin wanne za a gani? Zuwan CRISPR, wata hanyar gyara ƙwayar gado, a 2012 ya sauƙaƙa wannan: a raba ƙwayoyin mutum guda gida biyu, a canza harafi ɗaya na ƙwayar gado a kashi ɗaya, a bar ɗayan. Duk bambancin da ya fito, an san mafarinsa. Wannan ne ya fi burge ni.

Amma fa ƙwayoyin ba su gama girma ba. Sun fi kama da na ɗan tayi, sukari suka fi ƙonawa maimakon kitse. Ciwon kaurin tsokar zuciya, wanda ke samun kusan mutum 1 cikin 500, sau da yawa sai an girma yake bayyana. Kuma faranti ba shi da ƙoda, balle jini mai zagayawa. Mai binciken hawan jini ko toshewar jijiyoyi, har yanzu ɓeran zai nema.