Wace na'urar CPAP za ka saya idan numfashinka na ɗaukewa cikin barci?

Masu minshari iri biyu ne. Akwai wanda mutanen ɗakinsa kawai yake hana wa barci. Akwai kuma wanda minsharinsa ke yankewa ɗif, ya yi shiru na daƙiƙa 10 ko fiye, sannan ya zabura yana fizgar iska. Shi wannan na biyun, naman maƙogwaronsa ne ke saki ya toshe hanyar iska, kuma likitoci na ƙirga sau nawa hakan ke faruwa a awa guda: daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 ya yi tsanani. Mutum zai kwana cikakken dare amma ya tashi da ciwon kai, yana gyangyaɗi a wurin aiki, wani har a kan sitiyari. Hawan jini ya ƙi jin magani. Ga saurin fushi da mantuwa da mutuwar jiki, har abin da da yake faranta masa rai ya daina burge shi.

Wannan na ƙarshen ne ya fi taɓa ni. Alamomin ɗaukewar numfashi da na ciwon damuwa sun yi kama sosai, kuma sau da yawa tare suke zuwa. Mutane da dama kan samu sauƙin zuciya idan barcinsu ya gyaru, amma na'urar CPAP, wadda ke hura iska ta riƙe maƙogwaro a buɗe cikin barci, ba ta maye gurbin likitan ƙwaƙwalwa. Idan an ɗora ka a kan maganin damuwa, kada ka ajiye shi don ka sayi na'ura. Idan kuma har tunanin raba kanka da duniya yana zo maka, yau za ka faɗa wa wani naka ku tafi asibiti, maganar sayayya ta jira.

Kafin ka fitar da ko kwabo, a yi maka gwajin barci, ko a asibiti ko da ƙaramar na'urar da ake kwana da ita a gida. Da sakamakon ne likita zai ce maka ga abin da ya dace da kai.

Abubuwan da ke kasuwa ban da CPAP ba sa buƙatar dogon bayani. Filastar da ake mannawa a karan hanci tana ɗan buɗe hancin, amma toshewar a maƙogwaro take. Robar baki mai turo muƙamuƙin ƙasa gaba tana yi wa masu ciwo mai sauƙi ko matsakaici aiki, in dai likitan haƙori ne ya auna ya haɗa ta. Rage ƙiba da kwanciya a gefe suna taimakawa, sai dai a hankali. Tiyata sai likita ya ga takamaiman abin da zai gyara. Cire beli wurin wanzami kuwa ba magani ba ne, zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta kawai ake sayowa.

CPAP ita ce ginshiƙi tun 1981, lokacin da likita Colin Sullivan na birnin Sidni a Ostareliya ya wallafa sakamakon gwajinta. Tana hura iskar ɗaki ta cikin tiyo zuwa takunkumin fuska, ƙarfin iskar ya riƙe maƙogwaro a buɗe. Ba na'urar ƙarin iskar oksijin ba ce, kada wani ya ruɗe ka. Akwai mai ƙarfi guda da ake saitawa sau ɗaya, akwai kuma mai sarrafa kanta, wadda ke ƙarawa ko ragewa tsakanin lamba 4 da 20 gwargwadon yadda numfashinka yake a daren. Ni mai sarrafa kanta nake ba kowa shawara, musamman a wurin da ganin likitan barci akai-akai ke da wuya. Daren da hancinka ya toshe ko ka juya rigingine, ita za ta bi ka.

A cikin masu sarrafa kansu, zaɓina shi ne AirSense 10 AutoSet ta kamfanin ResMed. An fito da AirSense 11 a 2021, ta fi ƙanƙanta da kyan gani, amma ban ga abin da za ta yi wa maƙogwarona wanda tsohuwar ba ta yi ba. AirSense 10 ta daɗe a kasuwa, saboda haka tankinta da filtarta da tiyonta sun fi sauƙin samu. Ba ta da ƙara. Tana ɗaukar katin ajiya da ke rubuta awowin da ka yi da ita, da yoyon iska, da sau nawa numfashi ya ɗauke, ka kai wa likita ya duba. Abin da ya fi komai a wurina shi ne tankin ruwa mai ɗumi da ke jikinta, wanda ke jiƙa iskar kafin ta shiga hanci, ga kuma tiyo mai ɗumi ga wanda ya so.

Dalilina ke nan: na'urar da na fara amfani da ita ba ta da tanki, kuma a hunturu na same ta. Busasshiyar iska mai ƙura tana bugun hanci dare guda cur. Hancin ya bushe, ya kumbura, ya koma zubar majina da atishawa, na yi ta fama da wata mura da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ashe rabin abin daga na'urar ne. Mura ta gaskiya kan tafi cikin kwana 7 zuwa 10, ko da tari zai iya jan mako uku. Idan taka ta zarce haka tun da ka fara CPAP, duba laimar iskar da filta da tsabtar tanki. Idan kuwa da zazzaɓi, ko ciwon fuska, ko haki, sai likita. A nan ne mutane da yawa ke jefar da na'urar ƙarƙashin gado, barci ya sake lalacewa, ƙuncin zuciya ya dawo. Shi ya sa duk na'urar da ba ta da tanki na cire ta daga lissafi, har da ƙaramar AirMini ta matafiya, a matsayin na'urar kullum.

Na'urar kamfanin Löwenstein na Jamus tana da inganci, sai dai ka tabbatar za ka samu kayan gyaranta. BMC da Yuwell na Chana sun fi araha, kuma sun fi zama babu. Shi ke nan abin da zan ce a kansu.

Takunkumi ya cancanci kulawa kamar na'urar kanta. Na hanci kaɗai ya fi sauƙi da daɗin sawa, amma ranar da mura ta toshe ka sai iska ta riƙa fita ta baki. Ka ajiye na biyu mai rufe hanci da baki saboda irin waɗannan ranakun. Mai cikar gemu ya gwada wanda ke zama a ƙofar hanci, don gashi na hana roba kama fata. Ruwan gishiri na wanke hanci kafin kwanciya yana taimakawa. Maganin feshi irin Otrivin kuwa kada ya wuce 'yan kwanaki, in ba haka ba hancin zai ƙara toshewa da zarar ka daina. Maganin tari mai sa barci, da kodin, da tiramadol, da diyazefam, duk suna ƙara munin ɗaukewar numfashi.

Sai batun wuta. Tankin ruwa da tiyo mai ɗumi su ne ke shan wuta, injin hura iskar kaɗan yake ci. Idan da inbata ko sola kake kwana, gwada da rana ka ga ko batirin zai kai ka asuba, in ba zai kai ba ka rage ɗumin tankin.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe ido sosai. Wanda ya sayar mini da waccan na'urar tawa ta farko ya rantse sabuwa ce dal, daga baya aka buɗe mini saitinta aka ga dubban awowin aiki a kanta. Kowace na'urar kirki tana rubuta awowin da injinta ya yi. Ka sa a nuna maka a gabanka, kada ka yarda da kyan kwali. Ka shinshina bakin da iska ke fita, domin warin taba ko fumfuna ba ya fita daga ciki. Takunkumi da tiyo da tanki na gwanjo kada ka karɓa ko kyauta ne.

A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urori, cikinsu har da DreamStation ta farko da System One, saboda soson rage ƙara da ke cikinsu yana iya rududdugewa mutum ya shaƙi ɓurɓushinsa, kuma zafi da laima na ƙara saurin lalacewarsa. Ka tuna irin zafin da muke yi a Afrilu. Na'urar da aka janye a Amurka ko Turai ba wuya ta ɓullo a kasuwar gwanjo. Duk wadda aka kawo maka daga cikin waɗannan ba tare da shaidar an canza soson ba, bar masa kayansa komai arharta.

Akwai kuma wani ɗan abu kamar toshiyar hanci da ake tallatawa a Facebook da TikTok da sunan ƙaramar CPAP marar tiyo. Ba shi da ƙarfin da zai buɗe maƙogwaron kowa, cin kuɗin marasa lafiya ne kawai. Haka akwatunan da ake cewa suna wanke na'ura da iskar ozon: hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu tun 2020. Ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi sun wadatar. A tanki ka zuba tataccen ruwa daga kemis ɗin da ka amince da shi, kada ka kuskura ka sa ruwan batir na bakin titi, don wani da asid a ciki.

Tambayoyin da zan yi wa mai sayarwa kafin ciniki su ne: ina takardar garanti, wa zai saita min lambobin da likita ya rubuta, kuma zan iya canza takunkumi idan bai zauna a fuskata ba? Sannan in ce ya ɗauko min filta guda shida yanzu, domin a hunturu farar filta kan koma ja tun kafin lokacin canza ta ya yi. In ya ce filta sai an yi oda, to a wani shagon zan saya.