Masu sare bishiya sun karɓi kuɗin saiwa, sun bar mini ita a ƙasa

Dogon yaron da ke tsakar gidanmu a Badarawa ya girme ni. Marigayi mahaifinmu ne ya dasa shi, kuma ba don saiwarsa ta tsaga katangar da ke tsakaninmu da maƙwabci ba, da ban yarda an sa masa ƙarfe ba. A watan Fabrairu na kira yaran nan masu injin yanka itace. Sara kam sun iya, ba zan ci haƙƙinsu ba. Daga sama suka fara, suna ɗaure kowane reshe da igiya suna sauke shi a hankali, ko kwanon rufi ɗaya bai lotsa ba, kafin la'asar sun gama.

Kututturen ne ya ɓata komai. Tun wajen ciniki na ce har da saiwa, aka ƙara kuɗi saboda ita. Babbansu ya ce, "Yallaɓai kwantar da hankalinka, muna da maganinta." Ashe maganin gishiri ne da baƙin mai. Suka yanke kututturen daidai da ƙasa, suka tsattsaga kansa da bakin inji, suka zuba gishiri, suka tuttula baƙin mai, suka mayar da ƙasa. Ya rantse mini nan da wata biyu zai ruɓe. A kan maganarsa na kawo birkila ya gyara katanga, aka shimfiɗa intalok a tsakar gida duka.

Ruwa na sauka sosai, wajen ƙarshen Mayu, wata safiya uwargida ta ce in fito in gani. Tsiro ne ja-ja, irin sabon ganyen dogon yaro, yana leƙowa ta tsakanin intalok. Na tsuge shi. Bayan mako guda na ƙirga 11, wasu ma taku goma daga inda kututturen yake, gab da sokawe. Na buga wa mutumin waya, ya ce gobe yana zuwa. Goben nan har yau ba ta yi ba, daga baya ma ya daina ɗauka. Wannan ya fi asarar kuɗin yi mini ciwo.

Wani ɗan'uwana da ya yi karatu a kwalejin gandun daji ta Afaka ne ya warware mini. Ya ce dogon yaro, kamar malaina, sara ba ya kashe shi. Saiwar na da abincin da ta ajiye, tana tofowa ta kututture da ta jijiyoyin gefe, kuma duk ganyen da aka bari ya buɗe ciyar da ita yake yi. In magani za a sa, maganin ciyawa mai glyphosate ake shafawa nan take bayan yanka, tun wurin yana ɗanye, a zoben da ke ƙarƙashin ɓawo, don nan ne rai yake. Gishiri da baƙin mai ƙasa kawai suke lalatawa. Na shaida hakan, domin zogalen uwargida da ke kusa da wurin ya bushe, dogon yaro kuwa ko a jikinsa.

A watan Agusta maƙwabcin nan nawa ya kawo mini wani dattijo mai faskare daga Kawo, shi da yaronsa, da diga da shebur da gatari. Da na gan shi ban sa rai ba. Na ce, "Baba, ko wuta za mu sa masa mu huta?" Ya ce, "A'a ɗana, wuta bin saiwa take yi a ƙasa, ta yi kwanaki tana ci ba ka sani ba, ga bututunka a nan." Ya ce yanzu ne ma lokacin aikin, tun da ƙasa ta sha ruwa, da rani marmarar nan sai ta ci bakin diga.

Kwana uku suka yi. Suka haƙa rami zagaye da kututturen har ƙugu, kowace jijiya sai ya share mata ƙasa da hannu ya ga inda ta nufa kafin ya sa gatari. Uwar saiwar da ta miƙe ƙasa ita ya bari ƙarshe, suka ɗaura igiya suna jijjigawa har ta saki. Da ya bi wadda ta nufi sokawe sai ya kira ni: ƙananan jijiyoyi kamar gashi sun cusa kai ta mahaɗar bututun sun kusa toshe shi. Shi ya sa ruwan banɗaki ya daɗe yana tafiya da ƙyar. Itacen ma ya ce a cire kuɗinsa daga ladansa, tun da zai faskara ya sayar. Allah Ya saka masa da alheri.

Shi ma dai aikin bai fita sumul ba. Digar yaronsa ta fasa bututun ruwa, muka wuni muna saye wajen 'yan garuwa, gyaran kuma daga aljihuna. Jijiyar da ta shige ƙarƙashin katanga ya bar ta, wai kada ginin ya zauna, kuma tuni ta tofo sau biyu. Amma ya faɗa mini tun kafin ya tafi, ya ce in riƙa tsugewa da zarar ta fito har ta gaji, in kuma sa ido saboda gara. Ramin ya cike shi kaɗan-kaɗan yana daɓewa, ya ce kada a mayar da intalok sai bayan damina, don ƙasar za ta ƙara sauka.

Ga shi yanzu intalok ɗin na jibge a jikin katanga, wasu sun karye wajen cirewa, zan sake biyan mai shimfiɗawa karo na biyu, kuma duk sanda aka yi ruwa sai warin baƙin mai ya taso a tsakar gida. Da ina cewa in sara ne kawai zan iya sake kiran yaran nan. Na fasa. Akwai mangwaro a gidan Hajiyarmu a Tudun Wada da ke ɗaga daɓen zaure, kuma na riga na yi magana da Baba, shi zai nemo mai inji da kansa.