Sharhi: Shekara biyu da sabuwar mota a Sakkwato, garejin kamfani kuwa yana Kano

A farkon shekarar 2023 na sayi sabuwar mota fil a wajen wani dillalin kamfani da ke Kano, bayan na shafe fiye da shekara ashirin ina hawa motoci 'yan Kwatano. Abin da ya fi jan hankalina a lokacin shi ne takardar garanti, wadda ta yi alkawarin cewa duk abin da ya lalace a motar saboda kuskuren ƙira, cikin shekara uku ko tafiyar kilomita 100,000, kamfani ne zai gyara ba tare da na biya ko sisi ba. Ga mutumin da ya saba da sayen motar da bai san tarihinta ba, wadda aka juya mata lambar kilomita tun kafin ta baro tashar jirgin ruwa, wannan alkawari ba ƙaramin abu ba ne. Sharaɗi ɗaya aka gindaya, wato a riƙa kawo motar garejin da kamfani ya amince da shi domin yin sabis a kan lokaci, kuma kada wani bakanike na waje ya taɓa injinta. Na sa hannu ba tare da na tsaya na auna nauyin wannan sharaɗi ba, alhali ni mazaunin Sakkwato ne, garejin kuwa yana nesa da ƙofar gidana da fiye da kilomita 500.

Sabis na farko ana yin sa ne idan mota ta cika kilomita 1,000. Tafiyar da na yi daga Kano zuwa gida ranar da na karɓi motar ta cinye fiye da rabin wannan adadi, saboda haka ban cika wata guda da ita ba sai ga ni a kan hanyar komawa. Daga nan kuma littafin motar ya tsara cewa a dawo duk bayan kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga cika. A nan ne lissafin ya fara damuna, domin zuwa da dawowa ya haura kilomita 1,000, wanda ke nufin kashi ɗaya cikin biyar na rayuwar baƙin man da aka zuba wa motar yana ƙarewa ne a kan hanyar zuwa juye da hanyar dawowa daga juye. Wanda ke zaune a Kano yana morar kilomita 5,000 cif a harkokinsa, ni kuwa abin da ya rage mini bai kai 4,000 ba, ga tayoyi suna cinyewa, ga ƙafafun mota suna shan ramuka, duk a kan tafiyar da ba ta da wata manufa sai cika sharaɗin takarda.

Kafin in ci gaba da koke, adalci ne in faɗi abin da na gani a garejin, domin aikinsu ya gamsar da ni ƙwarai. Idan ka isa, wani ma'aikaci zai zagaya motar tare da kai yana rubuta duk wani ƙwarzane da ke jikinta, ya duba yawan man da ke tanki, ya lulluɓe kujerar direba da sitiyari da leda, sannan ya ba ka takarda mai ɗauke da jerin ayyukan da za a yi da kuɗin kowanne. Ana ɗaga motar sama da na'ura, ba a rami ake shiga ƙarƙashinta ba, kuma ta gilashin ɗakin jira kana iya ganin duk abin da ake yi. Baƙin man da za a zuba a gabanka ake fasa murfinsa. Bayan an gama, sai a kawo maka tsohuwar matatar mai da ta iska a cikin leda domin ka tabbatar an canza su. Na tuna ranar da matashin da ya yi mini aiki ya ɗaga matatar iskar ya bubbuga ta a tafin hannunsa, jar ƙura ta zubo kamar garin dawa, ya ce mini, "Baba, ƙurar wajenku ta fi ta nan yawa, idan hunturu ya shigo a riƙa cire ta ana kakkaɓewa duk bayan mako biyu, wannan ba zai taɓa garantinku ba." Wannan shawara ta amfane ni, kuma ban biya kuɗinta ba. Haka nan suna ɗaure kusoshin taya da sifana mai awo, ba a taka su da ƙafa har sai sun yi ƙara, suna kuma duba kaurin takalmin birki su rubuta shi a takarda. A ƙasar da jabun baƙin mai da jabun kayan gyara suka cika kasuwa, samun wurin da hankalinka zai kwanta da abin da aka zuba wa injinka wata ni'ima ce da ba zan raina ba.

Sai dai aikin gaba ɗaya ba ya wuce awa biyu, ni kuwa kwana uku yake ci mini. Ina barin Sakkwato ne bayan gari ya waye sosai, in bi ta Talata Mafara da Gusau, in wuce Tsafe da 'Yankara, sannan in ratsa ta ɓangaren Malumfashi da Gwarzo in shiga Kano da yamma, lokacin da garejin ya kusa tashi. Duk wanda ya san wannan hanya a shekarun nan ya san ba a sammakon asuba a kanta, ba a kuma bari la'asar ta riski mutum a tsakanin Gusau da 'Yankara, saboda 'yan bindiga da ke tare hanya suna kwashe matafiya. Ke nan dole in kwana a Kano, a yi aikin washegari, kuma ko da an sallame ni da azahar ba zan kama hanya ba, sai in sake kwana. A duk tafiyar da na yi, maiɗakina ba ta samun natsuwa sai na kira ta na ce na wuce Tsafe lafiya. Akwai ranar da muka tarar da motoci sun tsaya a gefen hanya, direbobi sun fito suna jiran waɗanda ke tahowa daga gaba su ba da labari, muka yi kusan awa guda a wurin kafin jami'an tsaro su wuce mu bi bayansu. A cikin wannan tsayuwa na tambayi kaina ko ya dace magidanci ya jefa ransa cikin irin wannan hali saboda juyen mai na lita huɗu.

Batun kuɗi ma ya sauya a tsakiyar tafiya. Lokacin da na sayi motar farashin hukuma na litar fetur bai kai naira 200 ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a jawabinsa na kama mulki, cikin 'yan kwanaki lita ta koma wajen naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Motata tana shan kimanin lita 90 a zuwa da dawowa. Man da a da bai kai naira 20,000 ba ya koma fiye da 90,000, ban da kuɗin masauki na kwana biyu da abinci, ban da kwana ukun da na bar shagona a hannun yara. Sau da yawa abin da nake kashewa kafin in isa ƙofar garejin yana kusan kamo kuɗin sabis ɗin kansa, wani lokaci ma ya zarce shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a watan Afrilun 2024, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Ina dawowa daga kasuwa sai wata fitila mai ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a gabana. Na kai motar wurin bakaniken da ya shekara goma sha biyar yana yi mini aiki, mutumin da ke gane ciwon inji da kunne tun kafin ya buɗe bonet. Ya saurara, ya ce, "Alhaji, ni dai ban ji komai ba, ina da na'urar da zan jona in karanta abin da kwamfutar ta gani, amma ina tsoron kada su ce na taɓa musu mota." Na kira garejin, wanda ya ɗauka ya yi mini magana cikin ladabi, ya tambaya ko fitilar tana ƙiftawa ko kuwa a tsaye take. Ya bayyana mini cewa idan tana ƙiftawa a kashe motar nan take, domin alama ce cewa injin ba ya ƙona mai daidai kuma zai iya lalata wani sashe na salansa, idan kuwa a tsaye take ana iya tuƙawa a hankali. Tawa a tsaye take. Na roƙe shi ya bari bakanikena ya jona na'ura ya karanto masa lambar matsalar ta waya, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da ikon amincewa da haka, sai dai a kawo ta." Na tambaya ko za su turo janwe, ya ce garanti bai ƙunshi ɗaukar mota daga wani gari ba.

Haka na kama hanya da fitila a kunne, ina tafiya a hankali a wuraren da kowane direba ke taka mota domin ya fita daga daji da wuri. Da na isa, cikin minti goma suka gano cewa wata 'yar na'ura ce da ke auna iskar hayaƙi a bututun salansa ta mutu, abin da bai fi babban yatsa tsawo ba. Sun ce garanti ya ɗauki nauyinta, kuma sun cika alkawari, ban biya komai ba. Amma babu ita a ma'ajiyarsu, sai an aiko daga Legas. Na bar motar na hau ta haya na koma gida, bayan kwana tara aka kira ni, na sake hawa ta haya na je na ɗauko ta. Sau huɗu ke nan na bi wannan hanya saboda abin da aka ɗaura cikin rabin awa. Da na zauna na haɗa abin da na kashe, sai na ga ya ishe ni in sayi na'urar a kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa da ke Kano in biya bakanikena ladan aikinsa, har in sami canji. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Na san kamfanin yana da nasa uzurin, kuma shugaban sashen gyaran ya faɗa mini shi ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Mafi yawan motocin da ke kan titunan Nijeriya na hannu ne da aka shigo da su daga waje, masu sayen sababbi kuwa galibinsu gwamnatoci ne da bankuna da manyan kamfanoni, waɗanda ke Legas da Abuja da Fatakwal da Kano. Buɗe gareji mai injin ɗaga mota da ƙwararrun ma'aikata da ma'ajiyar kaya a garin da motocinsu ba su da yawa ba zai mayar da kuɗinsa ba. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce babu wata mafita tsakanin gina katafaren gareji da barin mai mota ya yi tafiyar kilomita 1,000. Za su iya turo ma'aikata biyu da mota ɗaya ɗauke da mai da matatu da na'urar bincike duk bayan wata uku, su sanar da masu motoci na Sakkwato da Birnin Kabi da Gusau ranar zuwansu. Za su iya zaɓar gareji ɗaya mai mutunci a gari, su horar da mai shi na 'yan makonni, su riƙa aiko masa da kaya, su amince da hatiminsa a littafin sabis domin ƙananan ayyuka kamar juye. Waɗanda suka girme ni suna tuna zamanin da masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna, wadda ta fara harhaɗa motoci a 1975, ta cika Arewa da 404 da 504, lokacin da ba ka rasa wanda ya iya gyaransu ko inda za ka sami kayansu a kowane babban gari. Motocin yau sun fi waɗancan rikitarwa saboda kwamfutar da ke cikinsu, amma juyen mai bai canza ba.

Akwai kuma abin da nake ganin haƙƙina ne da ba a ba ni ba. Dokar kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar tarayya da ke kula da wannan haƙƙi, ta tanadi cewa a yi wa mai saye bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta. Wanda ya sayar mini da motar ya rubuta adireshina da hannunsa, ya ga Sakkwato a jiki, ya ɗauki lokaci yana nuna mini yadda kujera ke kwantawa da yadda waya ke haɗuwa da rediyo, amma bai ce mini ko kalma ɗaya ba game da cewa babu wani garejinsu da ya fi na Kano kusa da ni. Da ya faɗa, mai yiwuwa da na sayi motar duk da haka, amma da na saye ta ina sane da abin da na ɗauka wa kaina.

Ita motar ba ni da abin da zan ce a kanta sai alheri, domin ban da waccan na'ura ba ta taɓa ba ni matsala ba, na'urar sanyaya ta kuma tana jure zafin bazararmu. Idan wani daga Kano ko Kaduna ya nemi shawarata zan ce ya saya, ya kuma riƙe garejin kamfani da hannu biyu. Maƙwabcina da ya zo ya duba tawa yana sha'awa kuwa, na zaunar da shi na nuna masa littafin sabis da rasiɗan gidajen mai, na ce ya fara lissafa tafiya shida ko bakwai a kan hanyar Gusau kafin ya biya kuɗi. Saura mini tafiya biyu kafin garantina na shekara uku ya ƙare. A ta ƙarshe na yi niyyar sayo mai da matatu na shekara guda daga ma'ajiyarsu, in kawo wa bakanikena, wanda tuni ya ce in bar masa littafin motar ya kwana biyu yana nazarinsa.