Na sake kallon Game of Thrones bayan na karanta littattafan, kuma raina ya ɓaci

Makon jiya na ƙarasa kallon Game of Thrones karo na biyu, tun daga kashi na 1 har zuwa na 73, kuma wallahi har yanzu abin yana cina a rai shi ya sa na ce bari in rubuta ko na samu sauƙi. Wanda bai kalla ba ya tsaya a nan, don zan fasa ƙwai sosai.

Karon farko da na kalle shi ban ma san akwai littafi ba. Wani abokina ne ya tura min a waya, muka dinga bi sizin bayan sizin har aka gama a watan Mayun 2019. Na san ƙarshen bai min daɗi ba a lokacin amma da za ka titsiye ni ka ce faɗi dalili ba zan iya ba. Sai daga baya na samu littattafan George R. R. Martin guda biyar ɗin nan, na farko ya fito a 1996, na biyar a 2011, na ɗauki kusan shekara ɗaya da rabi ina fama da su don Turancinsu ba wasa ba ne kuma kowanne kaurinsa kamar bulo. Da na gama sai na dawo kan fim ɗin da sabon ido. Nan ne fa na gane inda gizo ke saƙa.

Bari in fara da yi wa masu shirya fim ɗin adalci. Sizin huɗu na farko aiki ne na gani na faɗa. David Benioff da D. B. Weiss, waɗanda suka shirya shi, sun bi littafi sau da ƙafa a sizin na 1, kuma har inda suka canza wani abu sau da yawa canjin ya yi kyau. Hirarrakin Arya da Tywin Lannister a Harrenhal babu su a littafi, can Roose Bolton take yi wa hidima, amma duk wanda ya kalla ya san wannan ƙarin ya ƙara wa labarin armashi. Haka zaman da sarki Robert ya yi da Cersei suna maganar yadda aurensu ya mutu tun kafin a je ko'ina. Kiɗan Ramin Djawadi kuwa ba a magana. Shi kansa Martin ya rubuta kashi ɗaya a kowane sizin daga na 1 zuwa na 4, ciki har da yaƙin Blackwater. Don haka ni ba na cikin masu cewa dole fim ya zama kwafin littafi, na san ba zai yiwu a kwashe mutum sama da dubu masu suna a zuba a talabijin ba, dole a rage, dole a haɗe mutum biyu su zama ɗaya. Ragi bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne sun dinga cire wa mutane dalilinsu na yin abu, su bar aikin tsirara, sai ka ga mutum ya aikata abu amma zuciyar da ta sa shi aikatawa an yar da ita a hanya.

Inda na fara ganin haka ƙarara shi ne kashin ƙarshe na sizin na 4, daren da Tyrion ya gudu daga kurkuku. Masu kallo za su tuna a sizin na 1 Tyrion ya ba Bronn da Shae labarin matarsa ta farko, Tysha, yarinyar da ya aura yana ƙaramin saurayi, ubansa Tywin ya gano, aka ce masa ai karuwa ce da yayansa Jaime ya biya don ta yi masa wasa da hankali, sannan aka miƙa ta ga sojojin gidan suka yi mata abin da baki ba zai iya maimaitawa ba a gaban idonsa. A littafi na uku, daren da Jaime ya buɗe masa kurkuku, sai ya kasa riƙe sirrin ya faɗa masa gaskiya: yarinyar nan ba karuwa ba ce, 'yar talaka ce da ta so shi tsakani da Allah, ubansu ne ya tilasta masa yin ƙarya. Ka duba fa. Mutumin da ya yi rayuwarsa kaf yana ganin babu macen da za ta so wada irinsa sai don kuɗi, a dare ɗaya ya gano an taɓa son shi, kuma da hannun 'yan gidansu aka wulaƙanta ta. Wannan ne ya hau da shi ɗakin ubansa, ya ɗauki baka a can, tambayar da ya je yi ita ce ina Tysha. Kuma kafin su rabu da Jaime sai da ya gasa masa magana, ya tona masa asirin mazan da Cersei ke bi, har ya yi masa ƙaryar cewa shi ya kashe Joffrey don kawai ya ƙona masa rai. To a fim me aka yi? An rungumi juna an yi sallama cikin ƙauna, ba a ko ambaci sunan yarinyar ba. Daga nan Tyrion na littafi ya zama mutum mai ɗaci, mai shaye-shaye, mai burin ramuwa, wanda kana tausayinsa kana kuma tsoronsa. Na fim kuwa ya zama mai ba da shawara mai sanyin hali wanda kusan duk shawarar da ya ba Daenerys sai ta kwaɓe. Peter Dinklage ɗan wasa ne na gaske, Emmy huɗu ya ci da wannan rawar, amma a sizin ukun ƙarshe babu abin kirki da aka ba shi ya yi.

Kuma cire wannan maganar guda ɗaya ita ta lalata Jaime ma. A littafi maganar Tyrion ce ta dinga cin sa a rai har ya fara ganin Cersei yadda take. A littafi na huɗu an tura shi Riverrun, ya kawo ƙarshen ƙawanyar da aka yi wa gidan ba tare da zubar da jini ba, sai ga wasiƙar Cersei tana roƙonsa ya zo ya cece ta, ya karanta ya ce a jefa a wuta. Na ajiye littafin na yi shiru na ɗan lokaci da na zo wurin nan. A fim kuma bayan duk tafiyar da ya yi, bayan ya ba Brienne labarin yadda ya kashe mahaukacin sarki Aerys don ya hana shi ƙona birni da mutanen ciki, ya yarda duniya ta dinga zaginsa a kan haka shekara da shekaru, sai ga shi a sizin na 8 yana ce wa Tyrion wai shi dama bai taɓa damuwa da talakawan birnin ba, ya koma wurin Cersei gini ya rufto musu. Haba jama'a. In kuna so ya koma mata ba laifi, mutum yana komawa ga abin da ke cutar da shi, muna gani kullum, amma ku nuna mana yadda aka yi, kada ku sa shi ya ƙaryata abu mafi girma da ya taɓa yi a rayuwarsa.

Dorne kuwa, kai. Nan ne na fi jin takaici saboda a littafi ɓangaren nan ya shiga raina. Yarima Doran Martell, mai mulkin yankin Dorne, mutum ne mai ciwon gaɓoɓi da ko tafiya ba ya iya yi, kowa yana ganinsa rago har 'yarsa Arianne, alhali shekara kusan goma sha bakwai yana ƙulla yadda zai rama kisan ƙanwarsa Elia a ɓoye, har ya tura ɗansa Quentyn wurin Daenerys. A fim babu Arianne, babu Quentyn, babu shirin. Sun ɗauko Alexander Siddig, ƙwararren ɗan wasa haifaffen Sudan, suka zaunar da shi a kujera yana kallon lambu, sannan a kashin farko na sizin na 6 aka caka masa wuƙa. Wa ya caka? Ellaria Sand. Ita wannan Ellaria a littafi ita ce matar da ta tsaya tana kuka tana roƙon 'ya'yan masoyinta Oberyn, ƙanin Doran da aka kashe, su bar zancen ramuwa, tana tambayarsu ina abin zai tsaya, don tana da 'yan mata ƙanana huɗu kuma ba ta so su ma su tashi su mutu a kan fansa. Ita ce muryar hankali a wurin. Sun juya ta ta zama mai ba yarinya guba da sumba, mai kashe ɗan'uwan masoyinta wai don ta rama wa masoyin nata. Sunan kawai suka ara suka liƙa wa wata mata daban.

Sai Sansa. A littafi ba ita aka aura wa Ramsay Bolton ba, ƙawarta ce Jeyne Poole da aka yi ƙaryar cewa Arya ce, ita Sansa tana can Vale tana koyon siyasa a hannun Littlefinger. Na gane suna so su ba 'yar wasan babban aiki a sizin na 5, amma don su yi haka sai da suka mai da Littlefinger wawa, mutumin da ya san sirrin kowa a ƙasar wai bai san halin Ramsay ba har ya miƙa masa abu mafi daraja da yake riƙe da shi. Kuma gaskiya abin da aka nuna a daren auren nan bai kamata ba. Tunda na zo nan bari in faɗa, fim ɗin nan cike yake da tsiraici da batsa, wasu wuraren ma ƙari ne da babu su a littafi, ba abin da za ka kunna a falo gaban iyali ba ne, ni kaina da yatsa a kan madannin tsallakewa na kalle shi.

Akwai waɗanda aka share su gaba ɗaya, Catelyn Stark da ta dawo daga mutuwa tana rataye 'yan gidan Frey, yaron nan da ake cewa Aegon ne ɗan Rhaegar yayan Daenerys, tare da Jon Connington, Victarion Greyjoy. Barristan Selmy yana nan da ransa a littafi yana riƙe da Meereen, a fim an kashe shi a lungu. Euron da a littafi ambaton sunansa ma tsoro ne ya koma ɗan iskan gari mai baƙar magana. Ba zan tsaya a kansu ba, amma cire yaron nan Aegon ina ganin shi ya bar babban rami a ƙarshe, don da yana nan a kan karaga mutane suna son shi, da an fahimci abin da zai iya tunzura Daenerys. Wannan ra'ayina ne kawai.

Na san masu kare su za su ce ai littafi ne ya ƙare musu, Martin bai fitar da na shida ba, The Winds of Winter, ya bar su a tsakiyar kogi. Gaskiya ne kuma shi ma yana da nasa laifin, ba na wanke shi. Amma littafi na huɗu da na biyar suna nan a hannunsu, kayan da ke ciki sun isa sizin biyu ko uku, su suka zaɓi su dunƙule su a sizin na 5 su zubar da fiye da rabi. Kuma su suka zaɓi sizin na 7 ya zama kashi 7, na 8 ya zama kashi 6, bayan an saba da goma-goma. Sakamakon gaggawar kowa ya gani. A sizin na 1 tafiya daga Winterfell zuwa King's Landing wata guda ce, a sizin na 7 kuma mutane suna tsaye a kan ƙanƙara matattu sun zagaye su, Gendry ya ruga da ƙafa zuwa babbar katangar arewa, aka tura hankaka har Dragonstone, Daenerys ta hau diragon ta iso, duk kafin sanyi ya kashe su. Yaƙi da matattun nan da aka yi shekara takwas ana tsorata mu da shi an gama shi a dare ɗaya, cikin duhun da a waya ko fuskar mutum ba ka gani sai ka ƙure hasken allo. A kashi na gaba har kofin kofi aka manta a kan tebur a gaban Daenerys. A wannan kashin ne aka harbo diragon ɗinta daga jiragen Euron, da aka zo bayani sai Benioff ya ce wai ta ɗan manta da rundunar jiragen ne. Sarauniyar da jiragen nan suka riga suka tarwatsa mata abokan ƙawance.

Ƙona King's Landing da ta yi ni ban ce ba zai yiwu ba. Alamun suna nan tun a littafi, babinta na ƙarshe a littafi na biyar ma yana nuna ta fara karkata ga wuta da jini. Amma a littafi kana cikin kanta, kana jin yadda take kokawa da zuciyarta, ta ɗaure 'ya'yanta diragon biyu a ƙarƙashin ƙasa saboda yarinya guda ɗaya da aka ce na ukun, Drogon, ya ƙona. Macen da ta yi wannan, in za ta ƙona dubban yara bayan birni ya riga ya miƙa wuya ana kaɗa ƙararrawa, ana buƙatar sizin guda cur a kai ta wurin. Kashi biyu suka ba ta, kuma tunda ta fara ƙone-ƙonen kusan ba a ƙara nuna fuskarta ba, daga ƙasa kawai muke hango diragon. Shi ya sa ban yi mamaki ba da mutum sama da miliyan ɗaya suka sa hannu a intanet suna neman a sake yin sizin na 8.

Wanda ya tambaye ni ko ya kashe datarsa a kai, zan ce ya kalli sizin na 1 zuwa na 4 hankali kwance, sai kashin Hardhome a na 5 da kashi biyun ƙarshe na sizin na 6 don an yi aiki a wurin. Daga nan in yana da juriyar karatu ya nemi littafi na uku ya faro daga can, ya karanta daren da Jaime ya buɗe wa Tyrion ƙofa da idonsa. Ni dai na riga na goge sizin na 7 da na 8 daga wayata, na koma kan littafi na huɗu karo na biyu, yanzu haka ina babin da Doran ya fara gaya wa Arianne gaskiya.